Turke a Tsakar Gida

 Ina gaida na gida da na gona. Ina gaida waɗanda ke bakin kanal a Watari, sun rataye rediyo a reshen darbejiya suna jiran layin ruwa ya zo kansu, da iyayenmu mata da ke tsakar gida suna tsintar shinkafa, tun daga Bagwai har Kiyawa, Gadanya, Romo, da mutanen Badau na ƙetaren ruwa. Allah ya sa mu ga amfanin rani kamar yadda muka ga na damina.

Yau zan ɗauko zance daga nesa, daga ƙasar Jafan, amma ku yi haƙuri da ni, a tsakar gidanmu zai sauka.

Kwanakin baya ɗan wana da ke karatu a Bichi ya zo hutu. Na tarar da shi da yamma a gindin bishiya kusa da mai cajin waya, samari biyar sun haɗa kai a kan waya guda, ko sallamata ba su ji ba. Na leƙa, sai na ga zane ne mai motsi, irin wanda muke ce wa katun. Na ce, ku da gemu ya fara fito muku, katun kuke kallo? Ya ce, "Baffa, wannan ba na yara ba ne, anime ake ce masa, na Jafan ne." Na ce to a matsa mini. Kwana uku muna zama bayan la'asar, yana fassara mini rubutun da ke gudu a ƙasan hoton, har muka gama kashi 6 na farko. Sunan shirin Tenchi Muyo. An fara fitar da shi a 1992, wani mai zane Masaki Kajishima da darakta Hiroki Hayashi suka ƙirƙiro shi, kuma har 2023 ana ta fitar da sabbin rassansa. Ku lissafa, shekara 30 da ɗoriya. Wanda aka haifa ranar da aka fara shi, yau yana da iyali.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayi ne, Tenchi, a karkarar Okayama, kakansa shi ke kula da wurin bautar gargajiya a kan tsauni. A bayan wurin akwai kogo da aka hana kowa shiga, ana cewa shekara 700 da suka wuce wani jarumi ya ɗaure wata aljana a ciki. Yaro da ƙiriniya, ya saci makulli ya shiga, ya taɓa takobin da aka yi ɗaurin da shi, aljana ta kuɓuta. Ashe ba aljana ba ce, Ryoko ce, 'yar fashin sararin samaniya. Ba a jima ba sai ga kumbo ya sauko da gimbiya Ayeka ta masarautar Jurai, tare da ƙanwarta Sasami. Sai ga Mihoshi, 'yar sandan taurari mai yawan shirme. Sai ga Washu, masaniyar kimiyya da ta haura shekara 20,000 amma tana yawo a jikin yarinya. Duk suka tare a gidan su Tenchi. Mafi yawansu shi suke so. Shi kuwa kullum ya saɓa fartanya ya tafi gonar karas, don akwai wata halitta a gidan, rabi kyanwa rabi zomo, wadda ba ta da abinci sai karas, kuma in faɗa ya tashi ita ce ke rikiɗa ta zama kumbon yaƙi.

Wannan gonar karas ta burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Jinin sarkin taurari ne, amma yana dawowa gida da laka a ƙafa kamar kowane ɗan Watari da ya taso daga kwamin albasa.

Na ce jinin sarki, don daga baya asiri ya tonu: tsohon nan mai share ganye a wurin bauta shi ne jarumin da ya ɗaure Ryoko. Sunansa na gaskiya Yosho, ɗan sarkin Jurai ne, ya biyo ta da takobi har duniyarmu, ya ci ta da yaƙi, ya ƙi komawa gida, ya yi aure a nan ya bar zuriya. Da yaron ya fassara mini wannan wuri sai na ce tsaya. Ɗan sarki daga nesa, da takobi, ya yi maganin abin da ke cikin rami yana tsorata mutane, ya auri 'yar gari, jikokinsa suka gaji sarauta. Na ce kai, wannan ai Bayajidda ne. Rijiyar Kusugu ce aka mayar kogo, Bagadaza aka mayar tauraro. Kuma kada ku manta, a labarin Bayajidda ma mata uku ne: 'yar Mai na Barno da ya bari a hanya, da Daurama, da Bagwariyar da Daurama ta ba shi. Sunayen 'ya'yan ma, Karɓagari da Bawo, habaici ne tsakanin ɗakuna biyu. Tushen da muke ba da labarin asalinmu da shi, da kishi a cikinsa.

Ba cewa nake Jafanawa sun ji labarin Daura ba. Abin da nake cewa shi ne, labari yana da gwadabe, hanyar da ƙafafu suka riga suka taka har ciyawa ta daina fitowa. Mai ba da labari a Okayama da kakata a soron gidanmu, kowa gwadabensa yake bi, kuma sau da yawa gwadaben suna haɗuwa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Da muna yara mun san Gizo zai yi ha'inci, mun san asirinsa zai tonu, mun san 'yar bora ce za ta dace, 'yar mowa ta kwaso kutare da makafi, amma kullum sai mun roƙa a sake mana. Daɗin yana cikin sanin hanya, da jiran inda mai labari zai ɗan karkace. Ko zancen kumbo da taurari ba baƙonmu ba ne: tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata halitta ta ɗauki yaro Kilba ta zaga da shi sama.

Har ma namiji ɗaya da 'yan mata rututu a kansa, muna da shi tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Ku tuna Daskin-da-Riɗi. Yadda aka ba ni ita, saurayi ne da kowace budurwa ke so, aka ce sai wadda ta faɗi sunansa. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya, suka tarar da tsohuwa tana wanka ta ce a cuɗa mata baya, kowa ta wuce tana yatsina, sai wadda aka raina ce ta tsaya ta cuɗa, ita aka gaya wa sunan. To ku lura da abu guda a tatsuniyar nan. Me shi Daskin-da-Riɗi ya yi? Ba komai. Yana zaune a ɗaki. Mata ne suka yi tafiya, mata aka jarraba, mata suka ci, mata suka faɗi.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Masu kallon irin waɗannan shirye-shirye na Jafan suna kiran salon da sunan harem, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, harim, wato cikin gida inda baƙo ba ya shiga. Kafin Tenchi an yi Urusei Yatsura na Rumiko Takahashi, wanda ya fara fita a mujalla a 1978, amma Tenchi ne ake yawan nunawa a ce ga wanda ya kafa ƙa'idar. Ƙa'idar kuwa a bayyane take. Kowace mace an ba ta hali ɗaya ta riƙe kamar tutar makaranta. Akwai mai rawar kai da ba ta jin kunya. Akwai 'yar sarauta mai ji da kai, so na cinta a ciki amma baki na faɗa. Akwai ƙarama mai hankali, wadda ita ce ke riƙe da tukunya, don Sasami ce ke dafa wa gidan nan gaba ɗaya abinci, manyan suna can suna jifan juna da wuta. Akwai mai shirme don a yi dariya. Akwai mai ilimi. Da aka ga labari ya fara sanyi, a 2003 sai aka kawo Noike, aka ce ga wadda manya suka zaɓa masa. Auren haɗi ke nan, har a sararin samaniya.

Shi kuma namijin? An wanke shi tas. Ba shi da zafi, ba shi da mugunta, ba shi da wani buri da ya wuce a zauna lafiya. In Ryoko ta riƙe hannun dama, Ayeka ta riƙe na hagu, sai ya yi gumi ya ce don Allah ku bari. An kafa shi kamar turke, kowa na kewaya shi, shi bai motsa ba. Kuma da gangan aka yi. Ana so kowane saurayi mai kallo ya iya cusa kansa a rigar Tenchi, shi ya sa ba a yi wa rigar aiki ba. Sannan akwai lissafin kasuwa. Shirin nan ba a talabijin ya fara ba, a kaset da faifai aka riƙa sayar da shi, kashi-kashi. Kowace daga cikin matan tana da masoyanta masu sayen kaset da hoto da 'yar tsana. Ranar da Tenchi ya buɗe baki ya ce ga wadda na zaɓa, ranar masoyan sauran za su rufe aljihu. Shirunsa shi ne jarin kamfani. Shi ya sa ma a 1995 aka sake labarin daga farko don talabijin, kashi 26, a 1997 aka sake wani a birnin Tokiyo, mutane ɗaya, asali daban, rigimar ita ce dai.

Yanzu ku dawo da ni Kano, don mu ma a kaset muka fara, kusan lokaci guda. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990. Littattafan soyayya sun riga shi: Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Mu ma mun iya jan zare: littafi na 1, na 2, na 3, a yanke maka a daidai inda zuciya ke bugawa, ka koma kasuwa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nuna cewa fim ɗin Hausa ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku: auren dole, da soyayyar mutum uku, da rawa da waƙa, kuma ya bi sawunsu har zuwa finafinan Indiya da iyayenmu suka sha kallo a Plaza da Orion da Marhaba. Sangaya ta 1999, wadda ta ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad, me ke cikinta? Ɗan sarki tsakanin 'yar aikin gida da 'yar'uwarsa ta jinin sarauta. A zamanin nan na shiri mai dogon zango, Daɗin Kowa na Arewa24 ya fara a 2015, Izzar So da Labarina suka shigo a 2020, kowane mako a yanke, kowane mako mu dawo. Labarina ta fara da juya abin, mace ɗaya, Sumayya, maza na kewaya ta, daga baya ta koma kan gwadabe: attajiri Mainasara ya ɓoye dukiyarsa don ya gane wadda ke son sa don Allah. Daskin-da-Riɗi ke nan da mota. Mata ake wa jarrabawa, shi ne mai riƙe da alƙalamin maki.

Amma akwai bambanci babba tsakaninmu da Jafanawa, kuma bambancin nan shi ya sa nauyinmu ya fi nasu.

A Jafan doka ba ta yarda namiji ya haɗa mata biyu ba. Saboda haka gidan Tenchi mafarki ne, kuma mai kallo ya san mafarki ne. Da masu shirin suka so su nuna auren mace fiye da ɗaya, sai da suka kai shi wata duniya: sarkin Jurai, Azusa, matansa biyu, Funaho da Misaki, kuma a wani reshen shirin na 2002 mai suna GXP, jarumin ya ƙare da ɗaurin aure da mata huɗu. A wurinsu wannan daidai yake da kyanwar da ke zama kumbo, duk almara ce. Labarinsu ya daɗe yana tsaye a bakin ƙofar aure yana leƙe. Babu awo, babu rabon kwana, babu wanda ya ji ciwo cikin dare aka rasa kuɗin mota zuwa asibitin Bichi. In an rushe gida da faɗa yau, gobe da safe ya koma daidai.

Mu kuwa a cikin gidan muke. Wanda ke saurarena yanzu, ko a irin gidan aka haife shi, ko yana riƙe da irinsa, ko 'yarsa na cikin irinsa. Mun san ranar girki. Mun san yadda ake auna hatsi daga rumbu, mudu nawa ɗakin nan, mudu nawa ɗakin can, da yadda ido ke ƙirga abin da baki ba zai faɗa ba. Mun san kayan faɗar kishiya, mun san atamfar da ake sayo wa uwargida don a rufe mata baki, ita kuma ta karɓa ta yi godiya ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Mun san lokacin da aure ke yawa a nan: bayan an sayar da shinkafa, ko shekarar da tumatir ya yi kuɗi a Badume. Mun kuma san shekarar da ke biyo baya, in kwando ya faɗi ko tsutsa ta shiga gona, gida ya ƙaru da baki, rumbu bai ƙaru ba. Mun san gidajen da kishiyoyi suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, wannan ta haihu waccan ta yi mata wankan jego, har ɗa ya girma bai iya bambance wadda ta haife shi ba. Akwai su da yawa a ƙauyukan nan, Allah ya ƙara musu zaman lafiya. Mun san kuma waɗanda 'yan'ubanci ya raba gonar gado har gaban alƙali.

To da duk wannan sani a hannunmu, me ya sa in mun zo ba da labari muke aro turken Tenchi mu kafa a tsakar gidanmu?

Ku tuna finafinan kishiya da kuka kalla, ku ƙirga. Uwargida ta tafi wurin boka. Amarya ta zuba wani abu a miya. Uwar miji ta ɗaure wa ɗaya gindi. Ƙawa ta zo ta hura wuta. Alhaji fa? Alhaji ya dawo daga kasuwa da leda a hannu, ya tarar ana kokawa, ya dafe kai ya ce wai me ke damun ku ne. In ya yi zalunci, sai a nuna mana asiri aka yi masa, ba ya cikin hayyacinsa, a ƙarshe malam ya yi addu'a, ya farka, ya yi kuka, a yafe masa cikin minti biyu. Ita kuwa wadda aka ɗora wa laifi sai ta haukace, ko ta ƙone, ko ta ƙare a kan titi. Mun ce kishi kumallon mata, mun rufe zance da karin magana, kamar kishin daga sama yake faɗowa kamar ƙanƙara. Ba a cika tambayar wa ya sayo wa ɗaya ya hana ɗaya ba, wa ya kwashe sirrin wannan ɗaki ya kai wancan, wa ya ƙaro aure alhali kuɗin makarantar yara na kansa. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, haka muka mayar da mai gida.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wannan ya saɓa wa abin da aka karantar da mu. Ayar da ta halatta mace har huɗu a Suratun Nisa'i, a cikinta aka gindaya sharaɗin adalci, kuma da namiji take magana. Hadisin da malamanmu ke karantawa a wurin ɗaurin aure, na wanda ya karkata ga mace ɗaya zai tashi ranar ƙiyama ɓarin jikinsa a shanye, ba kishiya aka yi wa gargaɗin ba. A addini, namiji shi ne wanda za a titsiye. A fim, shi ne wanda ake tausaya wa. Yaron da ya taso yana kallon wannan tun yana shekara 10, me zai ɗauka? Zai ɗauka tara mata ƙaddara ce mai daɗi da ke faɗo wa namijin kirki, rigimar da za ta biyo baya kuma halin mata ne, ba ruwansa. Na ji wannan da kunnena a gindin bishiyar nan. Da aka nuno matan sun kewaye Tenchi a kan tabarmar cin abinci, ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Kai, wannan ya more." Na ce masa, wa ke ciyar da su? Ya yi shiru, don shirin bai taɓa sa shi ya yi wannan tambaya ba.

Kuma ba a rasa waɗanda suka nuna mana wata hanya ba. Ku nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat, na 1990. Rabi tana da 'ya'ya 9 da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfa, wanda ke cin mai kyau a waje ya bar gida da yunwa. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta ce asiri ne ya sa shi ba tun farko, halinsa ta nuna mana, ta bi kuɗin cefane kwabo-kwabo, ta bi Rabi tana dafa abincin sayarwa tana biyan kuɗin makaranta. Har ƙarshen littafin, da gobara ta cinye rumfar Alhaji aka taru aka matsa wa Rabi ta koma, ba ta yi mana kwalliya ba, ta bar mu da ɗacin a baki. Littafin nan ne wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Mu da muka shekara 50 muna aro daga Indiya, abin da suka zo suka ɗauka daga wurinmu shi ne labarin da ya kalli mai gida ido cikin ido.

Maganar ba ta tsaya a littafi ba. A 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa da kuɗin gwamnati, saboda yawan mutuwar aure ya kai inda ba a iya kawar da kai. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi na II ya fito ya yi maganar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, gari ya ɗauka, wasu suka yaba, wasu suka yi tir. Ko kana tare da shi ko ba ka tare da shi, ka ga dai a zahiri an san inda tambayar take. Masu fim ne suka fi kowa jinkirin isowa wurin.

Zan yi wa iyaye tsokaci a nan kafin in wuce, tunda na kalla da idona. Kada ganin zane ya sa ku ɗauka duk katun na yara ne. A Tenchi akwai wuraren wanka da tsiraici da shan giya, har da aka kai shi talabijin ɗin yara a Amurka a 2000 sai da aka bi aka zana wa matan kaya, giyar kuma aka ce shayi ce. Wanda ke yawo a wayoyi ba lallai ne a ce an gyara shi ba. Mun taɓa gwada ƙona littattafai a Kano a 2007, bai hana karatu ba, labaran suka koma waya. Abin da na ga ya fi amfani shi ne abin da ya faru da ni bisa tsautsayi: ka zauna kusa da yaron, ka kalla tare da shi, ka yi masa tambaya.

Kuma in yi adalci ga Jafanawan nan, akwai abin da suka iya wanda ya kamata mu duba. Bayan duk harbe-harben taurari, abin da ke riƙe mai kallo shi ne zaman cin abinci. Baƙi daga duniyoyi daban-daban, waɗanda da can abokan gaba ne, sun zauna a tabarma ɗaya, ana miƙa wa juna kwano. Ryoko da Ayeka da ke faɗa kullum, in hatsari ya zo sai ka ga ɗaya ta tare wa ɗaya. A hankali sai ka gane ba saurayin ne ya haɗa gidan ba, matan ne suka saba da juna har suka zama dangi. Wannan gaskiya ce da muka fi su saninta, amma ba mu cika nuna ta ba, don faɗa ya fi saurin sayuwa. Kuma sun ɗauki karkararsu da daraja. Sunayen mutanen shirin da yawa daga sunayen wuraren Okayama aka ɗauko su, har a 2014 aka yi wani reshe musamman don tallata garin Takahashi. Mu kuwa in an nuno ƙauye a fim, sai dai a nuno wawa da baƙin bante, ko yarinyar da za a kai birni a waye da ita.

Ina kira ga 'ya'yanmu masu rubutu, na san kuna ji, wasunku a waya kuke rubutawa kuna turawa ƙungiyoyin WhatsApp, wasunku kuna haɗa gajerun finafinai a nan Bagwai da Bichi. Ga labari a ƙofar gidanku ba wanda ya taɓa. Manomi a Watari, kadada ɗaya ta shinkafa, mata biyu, yara 11. Ya sayar da amfani, kuɗi na aljihu, zuciyarsa na kan wata bazawara a Gogori. Taki ya yi tsada, babbar 'yarsa ta ci jarrabawa, rufin ɗakin uwargida na yoyo tun bara. Ku bar boka ya huta, ku bar guba a miya. Ku sa kyamara a fuskar mutumin nan daren da zai yanke shawara, yana zaune a bakin kanal shi kaɗai yana juya kuɗin a hannu. Ku nuna mana amaryar tana lissafin awo da uwargida, su biyun sun riga shi sanin abin da rumbu zai iya ɗauka. Ku bar shi ya buɗe baki ya zaɓa, ko daidai ko kuskure, sannan ku bi shi kashi 20 mu ga yadda zaɓin ya kwana a kowane ɗaki.

Ɗan wan nawa ya koma makaranta ranar Lahadi. Kafin ya hau mota ya ce mini akwai sauran kashi da yawa da ban gani ba, in ya dawo hutun gaba zai kawo. Na ce ya kawo, ni kuma zan nemo masa littafin Hajiya Balaraba, mu yi musanya.

Lokaci ya cim mana. Layukanmu a buɗe suke bayan labaran duniya, kuma yau ina so iyayenmu mata su fara kira, musamman waɗanda suka shekara 20 ko 30 da abokiyar zama.